Bargon da Gwaggo Dije Ta Ɗinka wa Auta

Duk wanda ya san Gwaggo Dije ya san ba mutum take fara gaisarwa ba, rigarsa take fara gaisarwa. Kina durƙusawa kina "ina kwana Gwaggo", hannunta ya riga ya kai gefen zanenki, ta kama da yatsu biyu tana murzawa, idonta a sama kamar mai ɗanɗana miya. Sai ta gama da zanen tsaf sannan ta tuna akwai mutum a ciki.

"Lafiya lau. Wannan atamfar ta fara gajiya. In ta mutu ki tuna da ni."

Haka take gaya wa kowa, ba babba ba yaro. Na ji da kunnena ta gaya wa matar wani babban ɗan kasuwa da ta zo mana barkar haihuwa tun daga Danja, matar ta rasa abin cewa sai "to, in sha Allahu." Kuma ku da kuka zauna da ita kun san haɓar zanenta, inda sauran tsofaffi ke ƙulle goro, ita ƙaramin almakashi ne a ɗaure da igiya. Ban taɓa ganin ta fita ba shi ba, ko gidan gaisuwa za ta.

Ga yaranmu da suka tashi a birni, waɗanda ba su riske ta da ƙarfinta ba, bari in gaya muku abin da take yi da tsumman. Bargo take ɗinkawa. Ta wanke tsofaffin zannuwa da riguna, ta yanke inda ya mutu ta yar, inda ke da sauran rai ta yanyanka shi kamar faɗin tafin hannu. Ta jera su a tabarma tana canja musu wuri, tana yi musu magana, har sai launin ya kwanta mata. Sannan ta haɗa su da allura, ta shimfiɗa audugar da ta gurza ta shiɓa da kanta, ta rufe bayan da buhun fulawa wanda ta wanke har rubutun ya fita. Daga nan sai ta bi shi da ɗinki layi-layi, kamar kunyar gona, don kada audugar ta taru waje ɗaya. Bargo ɗaya yakan cinye mata damina guda.

A zuri'armu ta Maska babu jaririn da bai yi fitsari a bargon Gwaggo ba, babu amaryar da aka kai ɗaki ba shi a ƙasan akwatinta. Mutum ɗaya ne rak bai yarda ya rufa da shi ba: ƙanenta uwa ɗaya uba ɗaya, mahaifina, Alhaji Sule, wanda duk gari ke cewa Alhaji, ita kuwa har ya yi furfura Auta take ce masa. Abin nan ya tsaya mata a rai tun ban san kaina ba. Ta sha faɗa a gabanmu, tana zura zare: "Ni dai ba inda za ni sai na ga yaron nan cikin bargona." Muna dariya, amma ita ba dariya take ba.

Kafin in zo kan wannan, sai na ba ku labarin lefena, don mijina Malam Kabiru yana nan da ransa, in na yi ƙarya ya ƙaryata ni.

Ranar da dangin Malam suka kawo lefe, tsakar gida ya cika da mata, ana buɗe akwatuna ana guɗa, ana ɗaga turamen atamfa ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo na gefe tana kallo. Can sai ta matso, ta zaro zare ɗaya daga bakin turmi, ta ciro ashana ta ƙyasta. Gwaggon ango ta zabura har gyalenta ya zame.

"Subhanallahi! Hajiya, gobara za ki yi mana?"

"Ni ba Hajiya ba ce, ban je ba tukuna. Halin yaron nake dubawa."

Ashe ita dabararta ke nan. Zaren auduga in ya ci wuta toka yake zama, ka murza ya bi iska. Na roba kuwa dunƙulewa yake ya yi baƙi, yana warin leda. Haka ta bi kayan nan kaf, zare-zare, mata sun yi cirko-cirko, Innata kamar ƙasa ta tsage ta shige. Atamfofin duk suka yi toka. Da aka zo kan leshin da dangin ango suka fi taƙama da shi, sai ga shi ya dunƙule. Gwaggo ta shinshina, ta kaɗe hannu.

"To, na gama. Yaron yana da gaskiya, amma za a riƙa cutarsa a kasuwa. A ba shi, sai dai Bilki ta riƙa raka shi."

Wallahi har yau in na aiki Malam sayen tumatur, sai na zubar da rabi.

To, maganar Baba. Ba ƙyama ce kawai ba, akwai tarihi, kuma Gwaggo ce ta ba ni shi wata rana ina taya ta cire gurya daga auduga. Mahaifiyarsu ta rasu Baba yana ƙarami, ita ce ta goya shi. Gidan babu komai. Kun san sanyin ƙasarmu in an gama girbi, wanda ke shiga har ƙashi. Ta ce yaron tari yake har ya shiɗe, ga shi ko gwado ɗaya ba su da shi. Sai ta kwaso tsofaffin zannuwan uwarsu da wani buhu, ta je kalar auduga a gonakin mutane, ta ɗinka abin da ta iya. Shi ne bargonta na farko, karkatacce, ɗinkin kamar kaza ta yi tsalle a kai. Amma tarin ya tafi.

Da Baba ya samu makarantar kwana a Malumfashi, da wannan bargon ya tafi. Yaran da iyayensu ke da hali suka gan shi, suka rataye shi a bishiya, suka sa masa suna Sarkin Tsumma, sunan ya bi shi har ya gama. Da ya dawo hutu sai ya wurgar da bargon a gabanta, yana kuka, ya rantse da Allah shi da rufa da tsumma har abada. Ta ce sai ta ɗauka ta wanke ta ninke. Da take ba ni labarin ba ta yi kuka ba, amma ni na yi. Na tausaya wa yaron da aka yi wa dariya, na tausaya wa yarinyar da ta ba da duk abin da take da shi aka wurgo mata.

Allah ya buɗa wa Baba, ya zama manomin auduga da masara wanda ake lissafi da shi. Gwaggo kuma da mijinta ya rasu, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu, Baba ya je da kansa ya ɗauko ta ya gina mata sashe a gidanmu. Babu abin da bai yi mata ba. Abu ɗaya ne ya hana ta, kuma shi kaɗai take so.

Ita ma ba ta ƙyale shi ya huta ba. Duk shekara in an gama tsinkar auduga a gonarsa, sai ga Gwaggo da ƙwarya da tsohon buhu, tana bin kara-kara tana tsintar 'yar wadda ta maƙale. Yayar mai gona guda tana kala a gonar ƙanenta! Masu wucewa a mashin har rage gudu suke su kalla. Magana ta kai kunnen Baba a majalisa, ya dawo gida yana huci. Washegari ya sa aka ɗaure buhu guda cike tim da auduga mai kyau aka kai mata ƙofar ɗaki. Kafin ya gama karin kumallo buhun ya dawo zaurensa.

Ya same ta tana shiɓa. "Yaya, don girman Allah, me na yi miki? Ana cewa na bar ki kina kala."

"To ƙarya suka yi? Kala nake."

"Ga auduga na ba ki!"

"Waccan ta sayarwa ce, tana da masu so. Ni wadda aka bari nake ɗauka. In ban ɗauke ta ba akuya ce za ta ci."

"Mutuncina fa?"

"Mutuncinka yana nan inda na bar shi, Auta. Ni na wanke maka shi tun kana da majina."

Baba ya yi ƙwafa ya fita. Daga shekarar nan, na lura, in ana tsinka sai ya ce wa masu aiki kada su tsananta a kunyoyin bakin hanya, su bar na bari. Ya ɗauka ba wanda ya gane. Gwaggo ta gane tun ranar farko, ta dawo tana mita wai ma'aikatan Auta ragwaye ne, suna cin kuɗinsa a banza, amma ƙwaryarta cike.

Shi kuwa bargon Baba, tuntuni ta fara shi. Tsohon nan na makaranta ta sa a tsakiya, ta riƙa kewaye shi da ƙyalle, kuma ba kowane ƙyalle ba, sai na kayan Baba kansa. Matsalar ita ce Baba ya gane, ya daina barin tsofaffin rigunansa su kwana a gida, da sun fara koɗewa zai bayar can nesa, har Mahuta. Gwaggo ba ta yi gardama ba. Ta koma kan sababbin.

Wata Juma'a Baba ya caɓa ado da sabuwar babbar riga ta shadda ruwan toka, ya zuba goro a babban aljihun gaba don rabawa abokai bayan an idar. Yana miƙewa daga sahu sai ga goro yana gangarowa ta ƙasan riga, ɗaya na bin ɗaya, har gaban liman. Ya zura hannu a aljihu, hannun ya wuce. Babu cikin aljihu, an yanke shi tas, yanka mai kyau, har an kalmashe bakin don kada ya zare.

Ban taɓa ganin Baba ya shigo gida da sauri irin na ranar ba. Innata ta shige madafa ta ja ƙofa, don ita ce ta miƙa rigar da sunan za a goge.

"Yaya! Sabuwar riga! Ko wanki ɗaya ba a yi mata ba!"

Gwaggo ba ta ɗago ba. "Wa ke ganin cikin aljihu?"

"Gorona ya zube a masallaci!"

"Sadaka ce, Allah ya karɓa. Da ma rabawa za ka yi."

"Kin san kuɗin yadin nan?"

"Na san auduga ce zalla, na gwada. Ka iya saye, wannan kam na yaba maka."

Baba ya kaɗe rigarsa ya juya ya tafi. Tun daga ranar in zai fita sai ya zura hannu a kowane aljihu tukuna. Kun sha ganin yana yi, to yau kun san dalili.

Da yake mai bargon ya ƙi karɓa, ita kuma ta ƙi cewa ta gama, bargon sai girma yake. Duk shekara sai an ƙara masa layi. Akwai kakin makarantarsa, akwai farin yadin da ya ɗaura aure da shi, akwai gefen jallabiyar da ya dawo da ita daga Makka, akwai aljihun nan. Ya kai in za a shanya shi sai mun taru mu huɗu, kuma igiya ɗaya ba ta ɗaukarsa. Innata ta taɓa cewa, "Yaya, wannan ai sai dai a rufe motar masara da shi." Gwaggo ta ce, "Ƙanena yake ƙara girma a gari, ni me zan yi?"

Ba wai babu mafita ba ne. Liman da kansa, wanda abokin Baba ne tun suna yara, ya gaya masa a gabana cewa rantsuwa irin wannan ba ta ɗaure mutum har kabari. In ka ga abin da ya fi alheri sai ka karya, ka yi kaffara, ka ciyar da miskinai goma, shi ke nan. Baba ya ce, "Na ji, Malam." Gwaggo da ta samu labari sai ta riƙa yi masa waƙa da shi in zai wuce: "Tuwon mutum goma ya gagari mai rumbu!" Shi kuma ya yi kunnen uwar shegu. Ni dai na san ba tuwon ba ne. Har ya tsufa, in ya kalli bargon nan a igiya, bishiyar makaranta yake gani.

Wani zuwa da na yi gida, na ga wasu hotuna a waya da na san za su ba ta mamaki. Barguna ne na matan Amurka na zamanin da, irin nata sak: ƙyalle-ƙyalle an haɗa, an cusa auduga ko ulu, an bi da ɗinkin hannu. Na zauna kusa da ita ina karanta mata bayanin, cewa a lokacin yadi tsada yake a wajensu, sai su tara ragowar atamfarsu mai furanni, da saƙin gida, da tsofaffin rigunan mazajensu, daga baya har da buhunan gari. Kuma wai mata kan taru a gida ɗaya su kewaye bargo suna ɗinki suna hira.

Ta karɓi wayar ta kai ta dab da hanci. Abin da ta fara yi, ta sa yatsu biyu za ta murza gilashin.

"Turawa?"

"Turawa, Gwaggo."

"Da buhu?"

"Da buhu."

Ta sauke wayar a cinya. Sannan ta ce, "Allah sarki. Ashe su ma sun ga babu." Ta sa na ƙara girman wani, ta bi layin ɗinkin da farce. "Wannan matar tana da haƙuri. Waccan kuwa hira ta fi yi, dubi kusurwarta." Sai da ta gama duba su kamar 'ya'yan maƙwabta, sannan ta tambaye ni wa ke rufa da su yanzu. Na ce ai babu, a gidan tarihi suke, an rataye su a bango mutane na zuwa kallo.

"A bango?"

"Eh."

"Bangon ne ke jin sanyi?"

Ran nan ba ta bari Baba ya zauna ba. Yana sallama ta ɗaga murya: "Auta! Zo ka ga, Turawan da kuka yi wa boko, tsumma suke rufa da shi!" Baba ya sa tabarau ya duba da kyau, ya miƙo min wayar. "Su ai ba su yi rantsuwa ba." Amma na ga ya daɗe a kan hoton fiye da yadda maganar ke bukata.

Bara, bayan an gama kaka, jikinta ya ƙi. Idon ya riga ya tafi tun kafin nan, da lalube take zura allura, in ta gaza ta kira duk wanda ke wucewa. Sai ga tari, sai ƙafa ta kumbura. Aka kai ta asibiti a Funtua, aka ba da magani aka ce a kai ta gida a kula da ita, kada sanyi ya taɓa ta. Na bar yara wajen Malam na taho jinya.

A nan ne muka gane abin da ba wanda ya taɓa lura da shi. Matar da ta rufe zuri'a guda ba ta da bargo. Duk ta bayar. Abin da ya rage a ɗakinta na Baba ne kaɗai, a ninke a kan akwati, tsayinsa ya kusa kai ƙugu.

Na ce, "Gwaggo, bari in rufa miki wannan."

"Kul! Na Auta ne."

"Ai bai karɓa ba."

"Bai karɓa ba, amma nasa ne. Ni ba na rufa da kayan mutane."

Baba ya aika Funtua aka sayo manyan barguna masu laushi, irin masu zanen damisa, har cikin jakarsu. Ta murza ɗaya, ta ture. "Roba. Ku rufe ni da leda mana ku huta." Muka jira ta yi barci muka lulluɓa mata, tana farkawa ta shure shi ƙasa da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Waɗanda ta taɓa ɗinka wa suka ce za su maido nasu, ta ce kyautar da ta fita ba ta dawowa ɗakinta. Haka ta kwanta cikin zannuwa biyu, ga kasko da garwashi a gefe, haƙoranta na haɗuwa. Tsoro ya kama ni sosai. Na yi fushi da ita, na yi fushi da shi, na fita bayan ɗaki na yi kukana.

Baba ya shigo ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya ce, "Yaya, kashe kanki za ki yi don ki ci ni da yaƙi?" Ta ce, "Ni ba yaƙi nake ba. Abinka ne, ka yi yadda kake so da shi." Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ta, ta zama 'yar mitsitsiya a kan gadon. Sannan ya juya ya fita.

Washegari da sassafe na ji yana kiran Innata. Ya ce a ɗora babbar tukunya, a tuƙa tuwon shinkafa, a yanka zakaru biyu. Innata ta ce baƙi za a yi? Ya ce a dai ɗora. Da hantsi ya fita da kansa, ba aike ba, ya bi unguwa ya tattaro mabukata goma cif, makafi da tsofaffin da ba su da kowa, ya zaunar da su a zaure. Shi ya riƙa miƙa kwano. Ya tsaya har suka cinye suka sha ruwa suka yi addu'a. Ni da Innata muka kalli juna.

Sannan ya wanke hannu ya nufi sashen Gwaggo. Na bi shi. Ya cire takalmi ya shiga, ya zauna a bakin gadonta, dattijo mai farin gemu, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Yaya."

"Wa ke nan? Auta?"

"Ni ne. Sanyi nake ji."

Ta juyo da kanta wajen da nake. Can ta ce, "Bilki, ba ki ji ubanki ba? Tsaye kike kamar an dasa ki."

Na kinkimo bargon da ƙyar na warware. Baba ya ja shi ya yafa a kafaɗa, ya naɗe har wuya, ragowar ta zube ta cika ɗakin. Gwaggo ta fiddo hannu daga cikin zane tana lalube, har ta kama gefen. Ta murza da yatsu biyu. Ta sake murzawa.

"Innalillahi. Tun kana yaro nake jiran ranar nan, kuma ka tashi ka rufa shi baibai! Buhun ne a waje!"

Dariya ta ƙwace min, hawaye na zuba. Baba ma dariyar yake, gemunsa na rawa. Muka juya bargon, launukan suka fito, rayuwarsa gaba ɗaya a kafaɗarsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya share ido da gefen, ya ce:

"Yanzu nawa ne ko?"

"Da can ma naka ne."

"To na ara miki gefe."

Bai jira amsa ba, ya ja ragowar ya lulluɓe ta tun daga ƙafa har haɓa, ya cusa gefen ƙarƙashinta yadda ake yi wa yara. Na riƙe numfashi ina jiran ta shure. Ba ta shure ba. Ta gyara kwanciya, ta ce a hankali, "Aro ne fa. Zan maido maka." Suka zauna haka cikin bargo ɗaya, shi a zaune ita a kwance, har rawar jikin ta tsaya, barci ya ɗauke ta. Ran nan sallar azahar ce kawai ta fitar da Baba daga ɗakin.

Ta yi 'yan makonni a cikinsa, cikin ɗumi, tana yi mana faɗa yadda ta saba. Wata safiyar Alhamis ta maido masa da aronsa.

Ya Allah, ga baiwarka Dije. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba, amma babu ɗayanmu da ta bari ya kwana da sanyi. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwancinta, Ka lulluɓe ta da rahamarka. Shi kuma ƙanenta da ta bari, Ka sanyaya masa zuciya, Ka haɗa su a inda ba a rabuwa. Amin.